Yadda zaka haɗa lifidi da sulke da hannunka, ka saka, har ka yi wasan yaƙi da su

Duk wanda ke son shiga wannan harka ta haɗa kayan yaƙin da, ya saka a jikinshi ya motsa da su har ya gwada bugu da abokinshi, to ya aje maganar ƙarfe gefe tukuna ya fara da lifidi, wato rigar nan mai kauri da ake cusa ma auduga. Na san ba abinda samari ke son ji ba kenan, kowa idonshi na bisa sulke, rigar zobban ƙarfe, don shi ke ƙyalli ranar hawa, shi ke ƙara in doki ya zabura a Ƙofar Soro ta fadar Katsina, amma sulke kaifi kawai yake tarewa, nauyin bugun kuwa jikinka zai shiga gaba ɗaya in babu abu mai kauri a ƙarƙashi, har zobban su zauna maka cikin fata. Lifidi kuma ko shi kaɗai kayan yaƙi ne cikakke, ya fi araha, tela da baduku na unguwarku zasu iya tayaka, kuma shi zai fara koya maka zafi da nauyi kafin ka kashe watanni kana lanƙwasa waya.

Turawa sun daɗe da maida wannan abu wasa mai tsari. A Amurka akwai ƙungiyar SCA ta masu kwaikwayon rayuwa da yaƙin zamanin da, da aka kafa a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1966, su da sanda suke faɗa amma sanye da cikakkun kayan kariya. Akwai kuma masu buhurt, waɗanda ke saka ƙarfe tun daga kai har ƙafa suna bugun juna da takubba da gatura marasa kaifi, babbar gasarsu ta da, Battle of the Nations, an fara ta a 2010 a Khotyn ta ƙasar Yukren, kayan mutum ɗaya kan kai kilo 25 zuwa 30 ko ma fiye. A Ingila kuma suna taruwa cikin Oktoba su kwaikwayi yaƙin Hastings na 1066 a filin da aka yi shi. Su fa sai da suka koma gidajen tarihi da tsofaffin zane-zane kafin su gano yadda kakanninsu ke shiga, mu kuwa namu bai mutu ba, a hawan sallah 'yan lifida da 'yan sulke na fitowa a Katsina da Daura muna kallo da idonmu. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙi, kaga kenan abin ya haura shekara 600 a ƙasar Hausa. Abinda ke ɓacewa shi ne hannun da ya iya haɗawa, da jikin da ya san yadda ake motsi cikinsu, kuma wannan ne ke damuna, shi yasa nake son matasa su shigo.

Toh lifidi. Yadin da zaka nema na auduga ne zalla mai kauri, akoko ya yi, kanbas ya yi, in kana da hali ka sa saƙi a waje don kyau. Kar ka yarda da yadin roba ko da mai shago ya rantse maka, baya shan zufa, yana riƙe zafi, in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Ka wanke yadin ka shanya kafin a yanka, don akoko na tsukewa a wankin farko. Wajen awo ka gaya ma tela ya ƙara kamar faɗin tafin hannu a kowane gefe, saboda da zaran an cusa auduga an yi ɗinkin layi-layi rigar zata matse ta kuma gajarce, mutane da yawa nan suke asarar yadinsu. Tsawon ya sauka zuwa tsakiyar cinya ko gwiwa, a tsaga gaba da baya daga ƙugu zuwa ƙasa don ka iya zama bisa sirdi ka kuma iya buɗe ƙafa.

Abin cusawa na asali audugar rimi ce, bata da nauyi kuma bata cika shan ruwa ba, shi yasa magabata suka zaɓe ta ga doki da mahayi. Audugar gona irin wadda ake nomawa wajen Funtua da Malumfashi ta fi nauyi ta kuma fi shan zufa, amma tana danƙarewa da kyau tana shanye bugu. In duk babu, tsofaffin zannuwa na auduga da bargo ka jera su hawa-hawa ka ɗinke, shi ma yana aiki sosai. Hanya biyu ce. Ko dai tela ya haɗa yadi biyu ya ja layuka daga sama zuwa ƙasa, faɗin kowane layi kamar yatsu biyu zuwa uku, kai kuma ka zauna da siririyar sanda kana tura audugar kaɗan-kaɗan cikin kowane rami har ya cika, ko kuma a shimfiɗa audugar tsakanin yadi biyu a bi da basilla da zare mai ƙarfi ana ɗinkewa ta sama. Ta farko ta fi ba da lifidi mai tauri irin na hawa, ta biyu ta fi laushi ta fi daɗi ƙarƙashin sulke. Ni ta farko nake so ga ƙirji da baya da kafaɗa, ta biyu ga hannuwa.

Wajen cusawar nan ne aikin yake, kuma ba'a gaggawa. In ka tura da yawa a lokaci ɗaya zata dunƙule a tsakiya ta bar fili a ƙasa, kuma ta wannan filin ne sanda zata same ka. Akwai wani dattijo mai gyaran kayan doki a cikin gari da na kai ma wani ɗan guntu da na cusa don ya duba, ya amsa ya matsa da babban yatsa da manuni a wuri uku, ya naɗe shi bisa gwiwarshi ya sake, sannan yace min "ɗana, in ka matsa ka ji yatsunka sun haɗu to baka sa komai ba, in kuma ya ƙi lanƙwasuwa katifa ka yi ba lifidi ba." Nace Baba to ya zan gane tsakiyar, yace in ɗaura a cinya in ba yaro sanda. Haka ɗin ne kuwa gwajin, ka fara yin ɗan guntu kamar faɗin faifai, ka ɗaura a cinya, abokinka ya fara bugu a hankali yana ƙarawa, inda ka ji zafi ya shigo ka san kaurin bai isa ba. Wanda za'a sa sulke bisanshi kaurin yatsa ɗaya ya isa, wanda zaka yi faɗa da shi shi kaɗai ya kai yatsu biyu.

Hammata da lanƙwasar gwiwar hannu kar a cusa masu komai, a bar yadi kawai ninki biyu, in ba haka ba hannunka ba zai sauka ba kuma ba zai ɗagu ba. Wuya a yi mashi ƙwala mai tsayi da aka cusa da kyau. Maɗauri kuma na fata baduku zai yi maka, a gefe ko a gaba tare da ninki ɗaya bisa ɗaya, zif baya jure wannan aiki. Kafin tela ya ida rufe bakin, ka saka ka ɗaga hannu biyu sama, ka tsugunna, ka rungume kanka, ka juya ka kalli baya, duk inda ya riƙe a farke a gyara tun yanzu.

Abu ɗaya da bana wasa da shi, audugar rimi na kama wuta nan take kuma tana ci ta ciki ba'a gani. Tun zamanin yaƙi maharba sun san haka, suna harbin 'yan lifida da kibiya mai wuta. Yau kuma ga 'yan bindiga na hawa da tartsatsin albarushi, ga mai shayi, ga mai sigari, ga mai walda. In kana cikin lifidi ka nisanci duk waɗannan, kuma maɗaurinka ya zama irin wanda wani zai iya kwancewa da ja ɗaya.

Sai sulke. Wannan sana'ar Annabi Dawuda ce alaihissalam, Allah ya tausasa mashi ƙarfe ya umarce shi ya yi sulkuna cikakku ya kuma daidaita saƙar, yana nan cikin Suratu Saba'i aya ta 10 da 11, kuma Manzon Allah sallallahu alaihi wasallam sulke biyu ya saka ranar Uhudu. Duk wanda ya zauna ya haɗa zobe dubu zai gane dalilin da aka ambaci daidaitawar, don in zobe ya yi faɗi ga kaurin wayarshi sulken zai zama raga ya riƙa buɗewa, in ya yi ƙanƙanta kuma ya ƙi motsi. Ma'aunin da ke aiki shi ne faɗin cikin zobe ya kai kaurin waya sau biyar zuwa shida. Wato waya mai kaurin milimita 1.6 ka naɗe ta bisa sandar ƙarfe mai milimita 8, ko 9. Sandar ta zama mai sulɓi, rodin gini mai gurzo-gurzo ba zai saki wayar ba. Wayar kuma ka je wajen masu kayan gini ka nemi farar nan mai tauri da ake shinge da ita. Baƙar bindin waya ta ɗaurin rodi ta yi laushi ga mai farawa, zobbanta buɗewa suke da nauyin kansu.

Kayan aikin ba yawa: filaya biyu masu faffaɗan baki, abin yanka waya, safar hannu, tabarau. Ka sa kafinta ya kafa maka katako biyu a tsaye bisa falanki, kowane da huji, sandar ta ratsa su, mai walda ya lanƙwasa ƙarshenta ta zama mariƙi ya kuma huda ƙaramin rami kusa da gefe inda zaka soke bakin waya. Kana juyawa da hannu ɗaya ɗayan na riƙe waya tana naɗuwa jere da jere ba hawa bisa juna. Ka kula da ƙarshen waya, in ta ƙare tana dawowa da ƙarfi tana tsaga yatsa ko ta nufi ido, dalilin tabarau kenan. Wasu na sa injin huji don sauri, ni dai ban ba mai farawa wannan shawara ba, in ya kama safar hannu baya tsayawa. In naɗin ya cika ka zare shi ka bi layi ɗaya kana yanka, kowane yanka zobe ɗaya.

Buɗe zobe da rufe shi, nan ake gane wanda ya iya. Ba'a ja baki biyun su rabu hagu da dama, zoben zai lalace ba zai koma da'ira ba. Murɗawa ake, filaya ɗaya ta yo wajenka ɗaya ta yi gaba, wajen rufewa kuma ka ɗan matsa su ciki yayin da kake dawowa, ka ɗan wuce kaɗan sannan ka komo, zaka ji ɗan ƙas, baki ya haɗu da baki. Ka shafa da yatsa, in ka ji ƙaiƙayi ka sake, don wannan ɗan bakin shi zai riƙa yagar lifidinka yana cizge maka gashi.

Saƙar ita ce kowane zobe ɗaya ya riƙe huɗu. Ka rufe zobba huɗu, ka zura su cikin buɗaɗɗe ɗaya ka rufe shi, ka shimfiɗa bisa tebur biyu a sama biyu a ƙasa ɗayan a tsakiya, na sama da na ƙasa duk sun kwanta ta fuska ɗaya, na tsakiya ya kwanta ta ɗaya fuskar. Ka yi irin wannan da yawa, sai ka riƙa haɗa su da wani buɗaɗɗen zobe da zai kama biyu daga wannan biyu daga wancan, ka samu doguwar sarƙa mai layi uku. Sarƙa biyu kuma ana haɗa su da sabon layi a tsakani, kowane zobe ya kama biyu na sama biyu na ƙasa. Ranar farko ido zai riƙa ruɗewa, ka soke layin sama da ƙananan ƙusoshi bisa katako don kar ya juye maka, bayan 'yan kwanaki hannu zai riƙa yi kana hira. Ka lura saƙar na miƙewa ta gefe ɗaya ta ƙi ta ɗayan. Gefen da ke miƙewa shi zai zagaye jiki, layuka su kwanta a gicciye, ta haka sulke ke buɗewa in ka ja numfashi ya kuma koma ya kwanta a jiki. In ka juya shi ya rataya a buɗe, ya yi tsawo ya yi ramuka, kuma wannan kuskure ba'a gyara shi sai dai warwarewa.

Awon sulke bisa lifidi ake ɗaukarshi, ba bisa singileti ba, ka kuma ƙara kamar tafin hannu biyu. Ka fara da ɗamara mai zagaye ƙirji, ka yi mata maratayi biyu ta kafaɗa, ka saka ka gani, sannan ka cike baya da gaba ka bar wuyan da kai zai wuce, ka yi ta saukowa ƙasa. Hannuwa ka ci gaba da layukan kafaɗa su miƙe waje, gajere zuwa gwiwar hannu ya isa. Hammata ce mai wahala don nan layukan jiki ke haɗuwa da na hannu a gicciye, ka yi haƙuri ka haɗa su zobe-zobe kana sakawa kana gwadawa, ka bar sarari da yawa. Inda kake son faɗi ya ƙaru, kamar bayan kafaɗa da ƙugu, ka rataya ƙarin zobe ɗaya a tsakiyar layi, layin da ke biye sai ya ɗauke shi kamar sauran. Riga ɗaya mai gajeren hannu na cin zobe wajen 20,000, nauyi kuma kilo 10 ko sama da haka, don haka aikin watanni ne, ku haɗu ku uku ko huɗu wani na naɗi wani na yanka wani na saƙa, ku ida ta mutum ɗaya sannan ku koma ta na biyu.

Wannan da na bayyana zobban baki-da-baki ne kawai, ya isa hawa ya isa wasan sanda, sai dai zai riƙa zubar da zobe nan da can. Sulken yaƙi na gaske kowane zobe da 'yar ƙusarshi, ana ɗora baki bisa baki a daddale da guduma a huda a sa ƙusa a danne, wasu kuma layi ɗaya mai ƙusa layi ɗaya zobe ne rufaffe tun asali. In zuciyarka ta kai nan to baƙar waya zaka koma, ka kuma je maƙera ka zauna gaban maƙeri, don sai an gasa zobban cikin gawayi sun yi ja an bar su sun huce a hankali kafin su yarda da guduma da huji. Don Allah kar ka taɓa sa farar wayar nan cikin wuta, abin da aka shafe ta da shi na tada farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Gidajen sarauta da na tsofaffin bayin sarki da dama akwai sulkunan gado, yawancinsu ta hamada suka shigo daga Masar da sauran ƙasashen Larabawa tare da fatake. In akwai irinshi a gidanku, kar ka yi wasan bugu da shi, kar ka goge shi da samfefa don ya yi haske, kar kuma ka saida ma mai yawo yana neman kayan da. Ka shafa mashi mai kaɗan ka aje wuri busasshe, ka zauna ka ƙura mashi ido ka ga yadda aka bi da hammata da wuya, ya fi duk wani bidiyo. In kana son ganin kayan da, ka leƙa gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina.

Kwalkwali iri biyu ne kuma kar a haɗa su. Na hawa, mai tsumma a ciki da kwano ko tagulla a waje da gashin jimina a sama, ado ne a yau, ba'a bugu bisanshi. Na wasa kuma in da sandar soso kuke yi, hular kwano ta masu babur mai rufe haɓa ta isa. In kun kai ga sanda mai nauyi sai ƙarfe mai kaurin milimita 2, da soso mai tauri ko lifidi kaurin yatsu biyu a ciki ta yadda ƙarfe baya taɓa kai ko ina, da maɗaurin haɓa, da sandunan ƙarfe a fuska waɗanda tsakaninsu bai wuce inci ɗaya ba, sandar bugun kuma ta fi wannan ramin kauri. Yatsu su ne suka fi karyewa a wannan wasa, ka samu safar masu walda baduku ya ɗora mata fata mai kauri da soso a baya. Gwiwa, gwiwar hannu, maƙogwaro da gaba duk a rufe. Garkuwa ta asali ta ƙirgi ce, amma ta atisaye katakon filawud ya yi, ka tsaga tsohon tiyo ka bi bakin da shi ka ɗinke don kar ya yanki kowa.

Wajen sakawa, ka fara zagayawa ka yi alwala tukun, don in ka shiga fita ba nan kusa ba. Riga da wando na auduga, sai lifidi, sai ka rufe kai da hula da gemu da ƙyalle, ka zura hannuwa cikin sulke ka ɗaga shi sama ya zubo. Sai ɗamara ta fata mai faɗi, kuma ga sirrin, kafin ka ɗaure ka ɗan ja sulken sama ya yi ɗan aljihu bisa ɗamarar, nan take zaka ji wani kaso na nauyin ya bar kafaɗa ya koma ƙugu. Kwalkwali shi ne ƙarshe kuma shi ne farkon cirewa. Cire sulke kuma ba'a yinshi a tsaye, ka kwance ɗamara ka sunkuya sosai hannuwa ƙasa ka girgiza kafaɗa, zai zubo da kanshi.

Zafi ya fi sanda haɗari a nan Katsina. Daga Maris zuwa Mayu rana na haura digiri 40, mutum cikin lifidi zufarshi bata da hanyar fita. Lokacin atisaye shi ne hunturu, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, kuma ba'a yi da azumi a baki, ko da kuwa shirin ƙaramar sallah ake, a bari sai bayan buɗa baki a wuri mai fitila cikin gida. Ruwa da haɗin gishiri da suga su kasance a gefe. Wanda ya ce yana jin jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, ko ka ga yana magana ba kan gado, a cire mashi kaya nan take a kai shi inuwa a zuba mashi ruwa, in bai dawo daidai ba sai asibiti. Makonnin farko ma ba faɗa, tafiya kawai zaka riƙa yi cikin kayan a tsakar gida, ka tsugunna ka tashi, ka kwanta ka miƙe, ka koyi numfashi. Nauyin nan ba ƙarya bane, Bature Clapperton da ya ga 'yan lifidan Sakkwato a 1826 ya rubuta cewa sai an taimaka ma mahayi kafin ya hau, kuma a yaƙin Tafkin Kwatto a 1804 dawakin lifidin Gobir na wurin amma maharban Shehu ɗan Fodiyo masu tafiya a ƙasa suka yi nasara.

Wasan kanshi, takobi na kube, na hoto ne da hawa, ko marar kaifi ne baya shiga fili. Ku fara da fayif ɗin ruwa na roba da aka naɗe da soso aka bi da salatif, bakin a toshe shi da soso mai kauri. Gora tana tsagewa ta yi tsini, ku barta. Dole a samu alƙali mai doguwar sanda da baya cikin wasan, shi zai duba kayan kowa kafin a fara, ya ja maɗaurin hula ya gani, kuma kalmar "tsaya" kowa na iya faɗinta ko ɗan kallo, da an ji kowa ya daskare inda yake. Ba suka sam, sara kawai. Ba bugun ƙeya, wuya, bayan gwiwa, gaba, ko wanda ya faɗi ko hularshi ta fita. 'Yan SCA wanda aka buga shi ke faɗa da bakinshi cewa ya shiga, 'yan buhurt kuma a faɗan taro duk wanda wani sashe na jikinshi bayan ƙafa biyu ya taɓa ƙasa ya fita. Ni na farkon nake so garemu, don yana koya ma yaro faɗin gaskiya a gaban abokanshi. Zagaye ya zama gajere, minti ɗaya ko biyu a huta. Ku daɗe kuna ɗaya da ɗaya kuna koyon taku da riƙon garkuwa kusa da jiki kafin ku shiga uku da uku ko biyar da biyar, inda zaku gane cewa layin da ya tsaya kafaɗa da kafaɗa na cinye jarumai masu gudu ɗai-ɗai. Wanda ya zo da fushi ko ya sha wani abu ya zauna waje. Wanda kuma yace shi yana da maganin ƙarfe baya buƙatar hula, a bashi haƙuri, wasan tauri daban wannan daban.

Bisa doki ba'a bugun juna, wannan ba naku bane yanzu. Abinda zaku iya shi ne saba ma doki da ƙarar sulke, ka rataye shi kusa da turke kana girgizawa lokacin da yake cin dawa, sannan ka hau da lifidi kaɗai, daga baya ka ƙara sulke, wani na riƙe da linzami wani ya danne likkafar ɗaya gefen lokacin hawa, a kuma sake duba majayi. In kun saba sai ku kafa ƙwarya bisa sanda ku riƙa sukuwa kuna kaɗe ta.

Kowa ya san halin da jiharmu ke ciki, ga matsalar tsaro ga ta ƙauraye cikin gari, samari goma da sanduna da hulunan ƙarfe a fili ba wanda zai gansu ya ce wasa ne. Kafin ku fara ku je wajen mai unguwa tare da babba ɗaya, ku ce ranka ya daɗe ga abinda muke so mu yi, ku nuna mashi kayan, ku sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, ku nemi wuri mai katanga da izinin mai shi. Kaya a cikin buhu ake kai su a cikin buhu ake dawo da su, ba'a sakawa a hau babur. In kuma burinka ka fito ranar hawan sallah ko hawan bariki, ko Sallar Gani da hawan Magajiya a Daura, to ba'a shiga haka kawai, ta ƙarƙashin tawagar hakiminku zaka bi, su zasu gaya maka inda zaka tsaya, kuma kar ka ɗora ma kanka abinda na masu sarauta ne kamar rawani mai kunne biyu ko alkyabba.

Bayan kowane wasa ka juya lifidi ciki waje ka shanya ya bushe ƙarau kafin ka naɗe, in ba haka ba zai yi wari ya yi fumfuna, ka kuma rataye shi sama don gara da ɓera. Sulke in ya fara tsatsa, musamman da damina, ka zuba shi cikin jarka ko buhu da busasshen yashi ka rufe ka ba yara su yi ta gangarawa a tsakar gida, ya fito ka kakkaɓe ka shafa mashi man keken ɗinki da tsumma, ka naɗe cikin wani tsumman mai ɗan mai. Ka ɗaga shi ga haske ka duba hammata da kafaɗa, nan zobba ke fara buɗewa, shi yasa ɗan gwangwani na zobe ɗari da filaya biyu basa rabuwa da buhun kayanka.